Tambayar da Gwaggo Ba Ta Koya Mini Ba

Kwana tara ke nan da dawowata, kuma wallahi bakina ya gaji. In na tafi ɗibar ruwa a tare ni, in na shiga barka a tare ni, jiya har ina wanka wata ta tsaya ta bayan zana tana cewa, "Kulu, wai gaskiya ne a Gwanja mata ke riƙe da kasuwa?" To yau ga ku duka a tsakar gidan Inna, kowa ta jawo tabarma. Sau ɗaya zan faɗa, daga farko har ƙarshe. Wadda ta tashi duba tukunya wani wuri ya wuce ta, ta tambayi ta kusa da ita.

Amaren da aka kawo bayan tafiyata ba su san mafarin ba, bari in ɗan koma baya. Ni da maigidana duk 'yan tsohon gungu ne, tsibirin nan da yanzu yake ƙarƙashin ruwa, inda muke noman albasa da rani maza na su. Lokacin da masu aikin dam suka zo awon ƙasa, shi ne ya riƙa yawo da su a jirgin inji, a hannunsu ya koyi kwance inji da ɗaurawa. Da aikin ya ja baya sai wani abokinsa ya ce masa a Gana ma an tare wani babban kogi, jiragen inji sun yi yawa, masu gyara babu. Shekararmu biyu da aure ya tafi, ya ce mini wata shida. Wata shidan nan sai da ta haifi shekara biyu. A tsakani ruwa ya taso, aka kwaso mu aka zuba cikin gidajen simintin nan masu zafi kamar tanda, ni kuwa na dawo ɗakin Inna ina jira.

Sai ga wasiƙa. Malamin makaranta ya karanta mana a zaure. Maigida ya ce ya sami takardar zama ta dindindin, don masu jirgin fiton da yake wa aiki sun tsaya masa. Ya ce dokar can ta yarda mai irin wannan takarda ya shigar da matarsa ƙarƙashin sunansa, amma sai matar ta zo da ƙafarta, da takardar aure, da hoto, an gan ta an yi mata tambayoyi. Ya ce a hanzarta, don ana ta raɗe-raɗin za a kori duk baƙon da ba shi da takarda.

Baba ya saurara har ƙarshe, ya gyara zama, ya ce, "Awo, na ji nashi. Ke kuma ji nawa. Aure ba a yin shi ta wasiƙa. In kin tafi sunka ba ki takardar, Allah shi ba ku zaman lafiya. In sunka maido ki, to shi aiko da takardar saki, in san ɗiyata ba ta da miji. Ba ni ƙara zuba ido shekara ta uku."

Kun san Baba, ba ya magana biyu. Na tashi na zagaya bayan rumbu na yi kukana. Ina son mijina, yau dai ba zan ɓoye muku wannan ba.

Wahalar farko tun a gida ta fara. Mu da aka ɗaura wa aure da goro da fatiha a gindin tsamiya, wa ya san wata takardar aure? Alƙali a Yelwa ya ce a kawo shaidu biyu da suka halarta. Limamin da ya ɗaura ya riga mu gidan gaskiya, mutanen gungu kuwa an watsa su. Baba ya shiga jirgi har Wara ya ɗauko tsoho ɗaya, ƙanensa ya hau keke har wajen Shanga ya goyo na biyu. Da suka zo gaban alƙali sai gardama ta kaure. Wannan ya ce kafin cirar albasa aka yi, wancan ya ce bayan cira, har suna nuna wa juna sanda. Ni ina tsugune ina kallonsu. Can sai na Wara ya ce, "Ba ranar ce hular ango ta faɗa ruwa ba, yana sauka daga jirgi?" Na Shanga ya fashe da dariya ya ce, "Ita ce! Ya ɗaura aure da jiƙaƙƙar hula!" Alƙali ya ce ya gamsu, ya sa aka rubuta.

Hoto kuma a kasuwar Yelwa aka yi. Mai hoton ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle yana cewa in ɗago kai in dube shi. Ni in tsura wa namiji baƙo ido? Sau uku yana fitowa yana tsaki. A nan ne Gwaggo Delu ta shigo maganar. Gwaggo Delu ƙanwar mahaifin maigida ce, 'yar fatauci, ta kai albasa Gwanja ta dawo da goro ya fi sau biyar, kuma kowane yare na hanya ta san zaginsa. Ita ta ɗauki nauyin raka ni. Ta matso ta sa yatsa ta tallafo haɓata ta ce, "Ɗauka, malam!" Har yau in kun duba hoton da ke jikin takardata za ku ga kan yatsanta a ƙasa.

Muka tashi ranar kasuwa da sassafe cikin motar albasa, ni da ƙunshin kayana da buhun kifi banda da Inna ta ce in kai wa surukinta, wai kifin can ba zai kai na Yauri ba. Tun kafin mu kai Koko Gwaggo ta buɗe makaranta. Ta ce mutanen ofis wayo gare su, kuma ita ta san duk abin da suke tambaya.

"Mi sunanki?"

"Hauwa'u, ana ce mini Kulu."

"Ɗiyar wa? Wane gari? Wa ya ba da aurenki? Shekara nawa? Wane aiki mijinki ke yi?"

Haka muka yi ta yi, in na yi in'ina ta mintsine ni. Kafin mu kwana a Jega, har yaron mota ya haddace sunan waliyyina.

A Kamba muka bar ƙasarmu. Ni da na ɗauka iyaka wata katanga ce doguwa, ashe gora ce guda aka gicciya a kan garwa biyu, da mutum yana gyangyaɗi a gefenta. Muka canza mota. Ba mu yi nisa ba sai na ga direba ya bar hannunsa ya koma ɗaya gefen hanya, ga kuma wata mota ta taho. Na ƙwala ihu, "La'ilaha illallahu, direba ya yi barci!" Motar duka ta ɗauki dariya. Ashe a ƙasashen da Faransa ta mulka ta hannun dama ake tuƙi. Wata tsohuwa Bazabarma ta miƙo mini goro tana share hawaye, ta ce ita ma ranar da ta fara shiga ƙasarmu haka ta yi, har ta fi ni, don ita tsalle ta yi ta dira.

A Gaya jandarma suka soke buhun kifina da ƙarfe. Ɗaya ya yi wa Gwaggo Faransanci, ta mayar masa da Zabarmanci, ya ɗaga murya, ta fi shi ɗagawa, daga ƙarshe ta zaro tarwaɗa biyu ta ɗora masa a hannu aka rabu ana dariya. Ya nuna ni, ta ce, "Matar ɗana ce." Shi ke nan. Ku riƙe wannan: duk iyakar da muka ƙetare, Gwaggo ke amsawa, ni ko tari ban yi ba. Da muka hau gada sai ta ce in leƙa. Na leƙa na ga ruwa, ta ce ai Kwara ce, tamu, wannan ruwan da nake gani nan da 'yan kwanaki zai wuce ta ƙofar Inna. Na ce to ya gaishe ta.

A ƙasar Dahomi muka kwana biyu a Jugu, gidan wata mai masauki da Gwaggo ta saba sauka. Matar kirki, amma kuɗin cizon gidanta sun fi ta son baƙi, da safe na tashi jikina duk ruɗu-ruɗu. Ta kawo mana koko da wani burodi dogo kamar taɓarya. Na kai masa cizo na ji haƙorina ya amsa. Ta yi dariya ta nuna mini yadda ake tsoma shi. Da rana kuma tuwon masara ne mai tsami a naɗe cikin ganye. Na raɗa wa Gwaggo cewa tuwon nan ya kwana ya lalace, ta ce in rufe mata baki, haka suke son abinsu, kuma in saba, don inda za ni ya fi wannan tsami.

A ƙasar Togo mota ta mutu a kan wani tudu, aka ce kowa ya sauka. Muna zaune a inuwa sai wata mata da muke tare, ƙatuwa, fara'a gare ta, ta ɗora mini jaririnta a cinya ba ko sallama, ta juya ta ƙwala kira, "Kwami! Kwami!" Sai ga wani mutum mai furfura ya taho da sauri, ta nuna masa kwandonta, ya ɗauka ya ɗora a kai. Na ce wa Gwaggo, "Wannan ɗanta kuwa ya tsufa da wuri." Gwaggo ta ce, "Ɗanta? Mijinta ne!"

Na riƙe baki. Miji, da sunansa tsirara, a gaban jama'a, kuma ya amsa har da ɗaukar kwando! Ku kun san yadda aka tashe mu. Ni tun da aka kai ni ɗakinsa sunan nan bai taɓa bi ta harshena ba. Ko yaro mai irin sunan, mai sunan maigida nake ce masa. Inna ga ta nan zaune, ita ta gaya mini cewa a duk zamanta na gungu sau ɗaya ta taɓa jin mace ta kira sunan mijinta, ranar da dorina ta kife jirgin matar a tsakiyar ruwa. Maza na jin kiran suka san mutuwa ce ke kusa, kowa ya jefar da abin hannunsa ya ruga. Na ba Gwaggo wannan labari, ta ce, "Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ke dai maimaita mini sunan waliyyinki."

A iyakar Gana mota ta koma hannun hagu irin namu, na ji kamar na sha ruwa. A nan aka buga mini hatimi a wata 'yar takarda, aka ce baƙuntar kwana goma sha huɗu ce, in ta cika ban sami ta zama ba, sai in fita. Daga ranar na fara ƙirga kwana da yatsa. Muka bi ta Yandi, muka bi ta Salaga, ruwan sama ya tsare mu kwana biyu a hanya don gada ta karye. Sai ga mu a bakin tabkinsu. Jama'a, na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi: itatuwa matattu tsaye cikin ruwa, sai kawunansu. Wata mai sayar da soyayyen kifi da ke jin Hausa ta nuna mini wani wuri ta ce garinsu na can ƙasa, da kabarin uwarta. Na ce mata ni ma haka. Ta ƙara mini kifi ɗaya a kan wanda na saya.

Jirgin fiton da ya ƙetare da mu zuwa Yeji har motoci yake ɗauka. Muna matsowa gaɓa na hango maigida. Ya rame, ya yi baƙi, rigarsa duk baƙin mai. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar awaki. Ni na tsuguna gefe ina kallon ƙafafunsa. Can ya ce, "Kulu, an zo lafiya?" Na ce, "Lafiya lau." Shekara biyu, iyakar abin da muka ce ke nan. Amma ya ɗauki buhun kifin nan da kansa ya shige gaba, ya kai mu wani lungu, ya dawo, ya sake shiga wani, sai da Gwaggo ta ce, "Kai, gidan naka ma ka manta?" Mutumin da ya shekara biyu a garin.

Ofishin takardun baƙi a Kumasi yake, sai muka sake hawa mota mu uku. Muka sauka a zango, gidan wani Alhaji mutumin Sakkwato da ya shekara talatin a can, 'ya'yansa na Hausa kamar suna tauna tsakuwa. A nan na haɗu da dokunu, tuwon da Gwaggo ta yi mini alkawari. Ranar farko na rufe ido na haɗiye, rana ta uku ni ke neman ƙari, da soyayyen kifi da barkononsu baƙi. Ke mai tambayar kasuwa, gaskiya ne. Mata ne zaune kan kujeru, kowace da lalitarta a ɗaure a ƙugu, maza na yi musu dako. Na kuma ga ana kiɗa ana rawa cikin jajayen kaya da baƙaƙe, na ce a kai ni in ga amarya, aka ce mini ai gawa aka yi. Ban sake tambayar komai a titi ba.

Sau uku muna zuwa ofis ana cewa mu dawo, layi har bakin titi, don kowa ya ji raɗe-raɗin kora. Kullum in mun dawo sai a yi bita a tsakar gida. Maigida ya soke fensir a kunne ya zauna kan turmi, shi ne jami'i, Gwaggo ce tafinta. Ya murtuke fuska ya ce, "Wane gari?" in amsa ina danne dariya. Babu abin da ba su tambaye ni ba, har yawan ɗakunan gidan surukaina. Ranar da layi ya zo kanmu, saura kwana biyu baƙuntata ta cika.

Aka fara shiga da shi, aka fito da shi aka zaunar a benci a baranda, aka kira ni ni kaɗai. Gwaggo ta yunƙura za ta bi ni, ɗan sandan ƙofa ya tare ta. Ɗaki ne mai fanka a sama tana ta ƙara, ga wata mata a gefe tana buga tafireta. Jami'in saurayi ne mai tabarau, ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai. Tafintan wani tsohon soja ne da ake kira Saje, Hausarsa ta bariki, amma ana ganewa.

Suna, na faɗa. Uba, gari, waliyyi, shekaru, aikin miji, duk na zubo su kamar karatun allo. Jami'in na gyaɗa kai yana rubutu. Har na fara jin daɗi a raina, ina cewa Allah ya saka wa Gwaggo. Sai ya yi wata gajerar magana ba tare da ya ɗago ba, Saje ya juyo ya ce, "Ya ce mene ne sunan mijinki."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Tun daga gida ake koya mini tambayoyi, ba wanda ya kawo wannan. To wa zai kawo ta? Shi ba zai iya buɗe baki ya ce in faɗi sunansa ba, Gwaggo kuwa ko a mafarki ba za ta tambayi matar ɗanta haka ba.

Na ce, "Ai yana cikin takarda."

Saje ya mayar, ya dawo da amsa. "Ya ce ya san abin da ke cikin takarda. So yake ya san ko ke kin sani."

Na ce, "Maigida."

"Wannan ba suna ba ne."

Na sunkuyar da kai. Tafireta ta tsaya. Saje, Allah ya yi masa albarka, ya shiga yi wa jami'in bayani da hannu da ƙafa cewa matan ƙasarmu ba sa faɗin sunan miji. Jami'in ya cire tabarau ya murza ido, ya yi magana mai tsawo. Saje ya ce mini, "Ya ce ya sha jin wannan. Makon jiya mata uku suka zo, kowace ta haddace amsa kamar ke, ashe 'yan kasuwa ne suka sami mai takarda ya ce matansa ne. Da aka zo kan suna duk suka ce kunya. Ya ce shi ba ya ganin zuciya, abin da kunnensa ya ji yake rubutawa. Ki je ki dawo gobe da safe. In kin faɗa, to. In ba ki faɗa ba, zai rufe fayil."

Da na fito na gaya musu, Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "Yau ga marasa kunya! Mace ta faɗi sunan miji don a san matarsa ce? Ai wadda ta faɗa ita ce ba matarsa ba!" Ta nufi ƙofa za ta koya wa jami'in hankali, da ƙyar maigida ya riƙe ta.

A masauki ya same ni a bayan ɗaki ina wanke kwanon da na riga na wanke. Ya tsaya nesa kaɗan ya ce, "Kulu, na yafe miki. Ki faɗa."

Haushi ya kama ni. Na ce, "Ka yafe mini me? An ce maka tsoronka nake ji? Wuyana ne ya ƙi!" Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Sai ya ce a hankali, "In kin koma, Baba ba zai sake bari ki zo ba." Na ce na sani. Ya juya ya tafi, na ga yana share fuska da hannun riga.

Da la'asar Gwaggo ta huce ta kawo dabara. Ta jawo wani tulu da babu ruwa ta ce in cusa bakina ciki in faɗa, ba mai ji sai tulu, in harshe ya saba gobe sai ya zo da sauƙi. Ta juya mini baya ta toshe kunnuwanta. Na durƙusa, na sa baki a tulu, na ja numfashi. Matan gidan Alhaji na leƙe ta taga suna ƙyaƙyatawa. Wallahi ko harafin farko bai fito ba, sai hucina da ke dawo mini a fuska.

Washegari aka sake shigar da ni, shi yana baranda tare da Gwaggo. Jami'in ya buɗe fayil, ya ajiye hatimi biyu a gabansa, na yarda a dama, na ƙi a hagu, ya dube ni. Saje ya ce, "'Yata, kalma ɗaya ce."

Na rufe ido. Na ga Baba a zaure yana gyara zama. Na ga kaina cikin motar albasa ina komawa, da ɗakin Inna, da wasiƙar da za ta biyo baya. Na motsa leɓe, abin ya fito kamar kukan sauro.

Jami'in ya kai hannu kunne ya girgiza kai. Fanka na ƙara, tafireta na ƙara. Saje ya ce, "Bai ji ba. Ƙara."

Na sake. Ya sake girgiza kai, ya duba agogo, na ga hannunsa ya nufi hatimin hagu.

To a nan ne raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, na ƙetare ƙasa huɗu, kuɗin cizo sun sha jinina, na yi magana da tulu, sa'an nan wannan yaron ya raba ni da mijina don fankarsa ta fi ni murya? Kun san muryar 'yan gungu, wadda muke kiran mai fito da ita daga wancan ƙetare. Na miƙe tsaye, na buɗe maƙogwaro, na kira shi.

Kada ku zuba mini ido, ba maimaitawa zan yi ba.

Matar tafireta ta zabura har takardunta suka zube. Kafin kowa ya motsa sai muka ji daga waje, "Na'am! Kulu!" Sai ƙarar benci ya kife, sai ƙofa ta bugu da bango. Ga shi ya faɗo ɗakin, ɗan sanda na riƙe da rigarsa ta baya yana jan sa, takalmi ɗaya a ƙafa, idanunsa sun fito. Ya duba ni sama da ƙasa, ya duba jami'in, ya duba Saje, hannunsa a dunƙule, yana cewa, "Mi ya same ki? Wa ya taɓa ki?"

Jami'in ya miƙe yana faɗa, ya ce a tambaye shi wa ya ba shi izinin shigowa. Maigida yana haki ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Na san yau za ta faɗa, na zauna ina jira. Amma da na ji, sai na manta da takarda. Shekara huɗu ban taɓa jin shi a bakinta ba. A garinmu mace ba ta kiran nan sai ruwa zai ci ta."

Saje ya mayar da maganar. Jami'in ya tsaya yana kallonmu, ni na rufe fuska da mayafi ina jin kamar ƙasa ta tsage, shi kuma ga ƙafa ɗaya ba takalmi. Sai na ji ya yi 'yar dariya, ya ce wani abu, matar tafireta ma ta yi dariya. Na ji tim! a kan tebur. Na leƙa ta gefen mayafi, hatimin dama ne. Saje ya ce, "Ya ce a gyara masa bencinsa kafin ku tafi."

Muka fito tare da Gwaggo har muka kai titi. Can ta ce, "Ni ban ji komi ba, kunnena ya toshe tun jiya." Ta saya mini ɗankwali sabo a kasuwa, kuma da ta dawo gida, Baba ya ce iyakar abin da ta gaya masa shi ne ɗiyarsa ta amsa tambayoyi yadda ya kamata. Ba a daɗe ba korar da ake faɗa ta tabbata. Na ga mata da yara cike da manyan motoci suna kuka, wasunsu na san su, mun yi layi tare. Na shiga ɗaki na riƙe takardar nan mai yatsan Gwaggo, na kasa cin abinci ranar.

Shekara uku ke nan yanzu, ga ɗiyar da na kawo wa Inna ta gani tana barci a bayanta. Ban sake faɗa ba, shi ma bai sake nema ba, sai dai wani lokaci in na kai masa abinci bakin ruwa ya ce, "Kulu, ko mu koma Kumasi? Kamar akwai sauran tambaya." In harare shi in ajiye kwano. Da zan taho ya rako ni har cikin jirgin fito, ya riƙe ɗiyar har aka busa ƙaho. Da zai sauka ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In kin isa ruwan gida, ki kira. Zan ji."

Shekaranjiya da muka tafi Wara gaida tsohon nan da ya yi mini shaida, mai jirgi ya ratsa da mu ta kan tsohon gungu. Ya ce daidai nan tsamiya take. Inji na ta ƙara, kowa na kallon gaba. Na sunkuya kamar mai wanke hannu.

Inna, daina kallona haka. Ruwa ne kawai ya ji.